Manhajar da mutum ɗaya kaɗai ya iya haɗawa, ta aro ce

Yau zan taɓo wata magana da na san wasu za su ce ba ta shafi malamin lakwal ba. Ni ba injiniya ba ne. Makarantar horon malamai na yi, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli, kwamfuta kuwa da girmana na koye ta, da daddare, bayan na gama gyaran takardun yara. Amma abin da zan faɗa ya ci kuɗin iyaye a makarantarmu, ya kuma kusa raba wata yarinya da karatu, don haka ba zan yi shiru ba.

Shekara huɗu da suka wuce kwamitin iyaye ya tara jika ɗari biyu, aka ba wani tsohon ɗalibinmu da ya dawo daga jami'a ya rubuta mana manhajar lissafin maki. Yaron kirki ne, aikinsa kuma ya yi kyau. Ka shigar da makin ɗalibi bisa 20, ta ninka shi da kowefisiyan, ta fitar da mwayan, ta jera aji daga na ɗaya har na ƙarshe, ta buga takardar sakamako. Aikin da yake cinye mana mako guda a ƙarshen zango ya koma na wuni ɗaya. Muka yi ta sa masa albarka.

Bayan shekara biyu ya samu aiki ya bar gari, lambarsa kuma ta daina shiga. Kafin ya tafi ya kawo wa darakta ƴar ma'ajiyar USB, ya ce duk rubutun manhajar yana ciki. Aka saka ta a durowa, hankalin kowa ya kwanta. A bazarar bara, ana saura mako uku a ba da sakamako, kwamfutar ofis ta mutu murus. Aka aro wata, aka kira wani matashi da ya san aikin, aka miƙa masa ma'ajiyar. Ya yi kwana goma yana fama. Ranar da ya zo ya same ni ina gyaran takardu a gindin bedi, cewa ya yi: "Mushe, rubutun yana nan cif, babu abin da ya ɓata. Amma yadda ya haɗa shi ya zama manhaja, wannan a kansa ya tafi da shi."

A lokacin ban gane ba, sai da ya zaunar da ni. Ashe manhaja kama biyu gare ta. Akwai rubutun asali, wanda mutum ya rubuta da hannunsa kuma wani mutum zai iya karantawa. Akwai kuma gamammiyar manhaja, wadda inji yake aiki da ita. Tsakanin biyun akwai matakai, kamar yadda tsakanin hatsi da tuwo akwai surfe da wanki da niƙa da tankaɗe da talge, kuma ba a sa wani gaban wani. Wane kayan aiki za a juya rubutun da shi, kuma fitowar wace shekara? Waɗanne guntayen manhajojin wasu mutane ya jingina da su? Wane fayil ake fara haɗawa? Yaronmu ya san amsar duk wannan, yatsunsa sun haddace, amma bai rubuta ko layi ɗaya ba. Ƙari a kan haka, sunan makarantarmu da kowefisiyan na kowane darasi ya dasa su a cikin rubutun, a wurare barkatai, ta yadda in ka canza ɗaya sai wani ya lalace.

Muka koma lissafi da hannu, ɗalibai sun fi ɗari shida, ga zafi, ga gajiya, ga ɗaukewar wuta. A cikin wannan hargitsi aka ninka makin lissafi na wata yarinya ƴar aji 5e da lambar da ba ita ba, mwayan ɗinta ya faɗo ƙasa da 10. Mahaifinta ya riga ya faɗa tun farkon shekara cewa in ta maimaita aji zai cire ta. Allah ya sa uwarta ta zo da takardun jarrabawar yarinyar a ƙulle cikin leda, ta ce: "Malam, ni ban yi boko ba, amma ƴata ta ce lissafin nan bai yi daidai ba, don Allah a sake dubawa." Muka duba, ƴar ta fi mu gaskiya. Har yau in na tuna cewa da uwar ta ji nauyinmu ta zauna a gida da yanzu yarinyar ba ta aji, sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne, a wannan shekarar wata makaranta da ba ta kai tafiyar minti goma daga tamu ba ta biya wani matashin daban ya rubuta mata irin wannan manhaja tun daga tushe. Lissafi ɗaya, takarda iri ɗaya, iyaye masu ƙaramin ƙarfi iri ɗaya, an biya sau biyu. Kuma na rantse ita ma tata ranar tana tafe.

Mu malamai bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin mun san fish. Tun muna makarantar horo aka hana mu shiga aji ba tare da takardar shirin darasi ba: manufar darasi, kayan da ake bukata, abin da yaro ya kamata ya riga ya sani, matakai ɗaya bayan ɗaya, da yadda za a gwada ko an gane. Ana matsa mana a kan fish ne don in zazzaɓi ya kwantar da kai wani malami ya ɗauka ya ci gaba daga inda ka tsaya. To, manhaja ma tana da fish ɗinta. Masu sana'ar suna kiransa tsarin haɗa manhaja: rubutaccen bayani wanda inji da kansa yake karantawa, ya bi matakan, ya fitar da gamammen aiki da umarni guda. Wanda ya karɓi manhaja bai karɓi wannan ba, ya sani zanen aro ya ɗaura, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Wannan ba sabon ilimi ba ne da za a ce bai iso mu ba. Tun 1976 wani masani mai suna Stuart Feldman, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ya ƙirƙiro wani kayan aiki da ake kira Make. Dalilin ƙirƙirarsa ma abin dariya ne: wani abokin aikinsa ya ɓata safiya guda yana neman kuskure a manhajar da ya riga ya gyara, ashe ya manta bai sake haɗa ta ba bayan gyaran, tsohuwar yake ta gwadawa. Dabarar Make mai sauƙi ce, ɗan aji 6e zai gane ta. Kowace ƙa'ida tana da sassa uku: abin da ake so a samar, abubuwan da ya dogara da su, da umarnin da za a bi a samar da shi. Sai Make ya duba lokacin da aka taɓa kowane fayil. In wani abin dogaro ya fi abin da aka samar sabunta, ya sake yin wannan sashen kaɗai, ya bar sauran.

Ku kwatanta da aikinmu. Takardar sakamako ta dogara da mwayan. Mwayan ya dogara da maki da kuma kowefisiyan. In malamin Faransanci ya gyara makin yaro ɗaya a aji 4e, takardun wannan ajin kaɗai za a sake fitarwa. In kowefisiyan na wani darasi ne ya canza, duk ajin da yake yin darasin za a sake masa lissafi, ba tare da wani ya tuna ba, ba tare da wani ya manta ba. Kayan aikin nan kyauta ne, akwai shi a kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux, kuma a 2003 ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta ba Feldman lambar yabo saboda shi. Abin da ya kusa shekara hamsin a duniya, a ce har yau muna biyan kuɗin manhaja ba mu tambayi ko akwai shi ba, sakacinmu ne.

Sai dai rubuta matakai kaɗai bai isa ba. Fish ɗin da ya yi wa aji ɗaya kaɗai amfani, rabin fish ne. Abin da nake kira a kai shi ne tsarin da za a ɗauka daga wannan makaranta a kai waccan, a gyara ɗan abin da ya bambanta, ya yi aiki. Daga abin da na koya bayan wannan wahala, sharuɗɗa uku ne.

Na farko, a raba abin da kowa ya yi tarayya a kai da abin da kowace makaranta ta keɓanta da shi. Yadda ake fitar da mwayan ɗaya ne a Maradi da Damagaram da Tahoua. Amma sunan makaranta, tambarinta, jerin darussa, kowefisiyan da adadin azuzuwa sun bambanta. Makarantar Faransanci da Larabci tana da darussan da CEG ba ta da su, lise kuma kowefisiyan ɗinta yana canzawa daga wannan sashe zuwa wancan. Duk waɗannan a tara su a ɗan fayil guda, a rubuce a fili, wanda darakta ko sakatare zai iya buɗewa ya gyara ba tare da ya taɓa cikin manhajar ba. Mai buga bulo ba ya ƙera sabon mazubi don kowane gida. Mazubi ɗaya ne, mai gida ne yake faɗin ɗaki nawa yake so.

Manyan masu sana'ar ma haka suka warware tasu matsalar. A shekarar 2000 kamfanin Kitware ya fitar da CMake, saboda wata manhajar nazarin hotunan asibiti da ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ya ɗauki nauyinta, wadda dole ta yi aiki a kan kwamfutoci iri daban daban. Maimakon a rubuta matakan Windows daban, na Linux daban, sai a bayyana aikin sau ɗaya, CMake ya fitar da matakan da suka dace da kowace na'ura. Mu da kwamfutocin makarantunmu kyauta ce daga nan da can, wata tsohuwa wata sabuwa, babu biyu masu kama da juna, ai mun fi kowa bukatar wannan tunani.

Na biyu, kada son a gamsar da kowa ya sa a cika tsarin da zaɓi. Na ga takardun cikewa masu gurbi hamsin waɗanda ba wanda yake cikawa daidai. Tsari mai kyau yana zuwa da abin da aka saba a shirye: maki bisa 20, jeri daga babba zuwa ƙarami, takarda mai girman A4. Wanda nasa ya bambanta shi kaɗai zai canza. Wannan ita ce hikimar Maven, wani kayan haɗa manhaja da gidauniyar Apache ta fitar a 2004: in ka ajiye kowane abu a wurin da aka saba ajiye shi, ba sai ka yi dogon bayani ba, kuma duk wanda ya san tsarin zai shiga aikinka kamar ya shiga ɗakinsa. Haka muke a aji. Rajistar kira da littafin darussa suna da wurin zamansu, sabon malami ba ya tambaya.

A nan akwai darasi daga Make kansa. Feldman ya tsara cewa kowane layin umarni sai ya fara da alamar tab, wadda ido ba ya bambanta ta da tazarar da aka saba bari. Ya gane kuskure ne tun da wuri, amma mutane kamar goma sha biyu sun riga sun fara amfani da kayan, bai so ya ɓata musu aiki ba, sai ya bar shi. Har yau ɗalibai a duk duniya suna tuntuɓe a kan wannan tab ɗin. Abin da za a yi ta maimaita amfani da shi, kuskurensa ma maimaituwa yake yi. Tun ran gini ran zane.

Na uku, a rubuta duk abin da manhajar ta jingina da shi, da lambar fitowarsa, a kuma ajiye kwafinsa a gida. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye wani ɗan guntun aikinsa mai layi 11 kacal, mai suna left-pad, daga rumbun npm da ke intanet. Cikin ɗan lokaci dubban ayyuka a duniya suka kasa haɗuwa, har da na manyan kamfanoni, domin duk sun dogara da shi kai tsaye ko ta bayan gida. In haka ta faru ga masu intanet dare da rana, ina ga mu da muke sayen megabit da kuɗin cefane, kuma layin yana zuwa yana ɗaukewa? Tsarin da ba zai haɗu ba sai ya sauko da kaya daga intanet, ba a yi shi don ƙauyukanmu ba.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce: Malam, yara suna zaune a ƙasa, wasu azuzuwan na zana ne, kai kana maganar fayil? Amsata ita ce, rashin kuɗin ne ya sa nake magana. Mai wadata zai iya biyan abu ɗaya sau uku bai ji ba. Jika ɗari biyun da muka yi asara ta isa ta sayi tebura masu yawa. In makarantu goma na gari ɗaya suka yi tarayya a tsari guda, kowace ta gyara ɗan fayil ɗinta, kuɗin tara daga ciki ya koma kan alli da littafi.

Wani zai ce ai Excel ya isa. Ga ƙaramar makaranta, na yarda, ya isa. Amma cutar ɗaya ce. Na ga teburin Excel da malami ɗaya ya cika da dabarun lissafi a ɓoye, aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya goge gurbi guda, lissafin aji duka ya rikice ba wanda ya lura. Ko da wane kaya aka yi aikin, tambayar ba ta canzawa: in mai shi ba ya nan, wa zai iya tayar da shi?

Matasanmu masu rubuta manhaja kuma na ji wasunsu suna cewa in sun ba da komai, gobe ba za a neme su ba. Ƙannena, ku saurare ni. Wanda ya riƙe sirri yana da makaranta ɗaya, kuma ranar da ya yi tafiya sunansa ya ɓaci. Wanda ya yi tsarin da ake ɗauka a kai ko'ina yana iya kula da makarantu ashirin, a biya shi kuɗin girkawa da na kulawa kowace shekara, bai sake rubuta komai daga tushe ba. Ku dubi masu manhajar da kowa yake da ƴancin gyarawa. Lasisin GPL na 1991 ya faɗa a fili cewa rubutun asali ya haɗa har da rubutun da ake sarrafa haɗawa da girkawa da shi. Wato su kansu sun yarda cewa ba da rubutu ba tare da hanyar haɗa shi ba, cika alkawari ne na baka. Masu Debian kuwa tun 2013 suke aikin tabbatar da cewa duk wanda ya haɗa manhaja daga rubutu ɗaya zai samu abu ɗaya sak, don kada a dogara da amanar mutum guda.

Amma kada mu ɗora wa matasan laifin duka. Mu ne muke taya aikinsu kamar muna tayin albasa. Abin da ido ya gani a fuskar kwamfuta shi kaɗai muke biya, launi da tambari. Rubuta tsarin haɗawa yana cin kwanaki, ba ya kuma burge kowa ranar buɗewa. Yaronmu na farko ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya biya shi don wannan, ni ma ina cikin waɗanda suka tafa masa. In muna so a yi mana aiki mai ɗorewa, sai mu sa shi a cikin yarjejeniya mu kuma biya kuɗinsa.

Ga abin da nake roƙon kwamitocin iyaye da daraktoci. Kada ku biya kason ƙarshe sai an yi gwaji ɗaya a gabanku. A kawo kwamfutar da ba a taɓa sa manhajar a cikinta ba. A cire ta daga intanet. A kawo wani mutum daban, ba wanda ya rubuta ba, a ba shi ma'ajiyar da takardar bayani shafi ɗaya. Mai aikin ya zauna a gefe ya kama bakinsa. In manhajar ta haɗu ta tashi, sai darakta da hannunsa ya canza kowefisiyan na darasi ɗaya, a ga ko sakamako ya bi. In an ci wannan gwaji, ku biya da farin ciki. In ba a ci ba, aiki bai ƙare ba. Ba sai kun san kwamfuta ba kafin ku yi wannan, kamar yadda ba sai ka iya gini ba kafin ka watsa ruwa a rufi ka ga ko yana yoyo. A kuma ajiye kwafi biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a hannun shugaban kwamitin iyaye.

Ƴan uwana masu koyar da kwamfuta, a aji ko a ƙungiyoyin yamma, mu ma da gyara a wajenmu. Muna ba yaro maki in aikinsa ya tashi a kan na'urar da ya yi shi, shi ke nan. Da haka muke renon irin yaronmu na farko. Na fara wani abu da ɗalibaina bana: kowa ya gama ɗan aikinsa sai ya miƙa wa na kusa da shi, shi zai tayar da shi a wata kwamfutar, ba magana, ba nuni da hannu. In ya tashi, su biyun sun ci. A makon farko kusan duka suka faɗi, aji ya kaure da gardama, kowa yana cewa ai a wajena yana yi. A mako na huɗu sai ga yara suna rubuta matakai da kansu, suna ware abin da ake canzawa a fayil daban, ba wanda ya sa su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matashi na biyu ya sake rubuta mana manhajar, wannan karon da sharuɗɗan da na lissafa, mun kuma ƙara masa kuɗi a kan haka. Ranar gwaji sakatariyarmu ce ta haɗa ta, ita da ba ta taɓa rubuta layin manhaja ba, ta buga umarni guda ta koma ta zauna tana jira. Yarinyar nan tana aji 4e yanzu, kuma tana cikin masu zuwa ƙungiyar kwamfuta ranar Laraba da yamma.

Kafin ku sa hannu a kan kuɗin wata manhaja, ku tambayi mai ita: ina fish ɗinta? Allah ya sa mu dace, ya kuma yi wa ƴaƴanmu albarka.